Me ya sa kyandir ɗina yake tsagewa idan na zo sassaƙa shi?

Tambayar da aka aiko ita ce: "Na ga yadda ake tsoma kyandir a launuka iri-iri, a yanka shi da wuƙa, a murɗa yankan ya fito kamar fure. Na gwada sau huɗu. Duk lokacin da na zo lanƙwasa abin da na yanko sai ya karye a hannuna, wani lokaci kuma launukan su rabu falle-falle kamar albasa. Wanda ya ɗan yi kyau a ciki, bayan 'yan makonni ja ya shiga cikin fari ya ɓata shi. Wuƙata ce ba ta da kyau, ko hannuna ne bai faɗa ba?"

'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki game da wuƙa. Kusan duk wanda ya fara wannan sana'a a kan wuƙa yake fara ɗora laifi, ya sayi wannan ya sayi waccan, alhali tun kafin ya ɗauki wuƙar aikin ya riga ya lalace. Kyandir mai sassaƙa aikin zafi ne. Idan zafin da ke cikin jikin kyandir ɗin ya yi daidai, ko da ƙaramar wuƙar fere za ki fitar da abin da za a tsaya kallo. Idan kuwa zafin ya kuɓuce miki, duk gwanintar hannu ba za ta hana shi karyewa ba. Abubuwa uku kika ambata, karyewa da rabuwa da cakuɗewar launi. Biyun farko uwarsu ɗaya, na ukun kuma dalilinsa daban.

Bari mu fara da shi kansa kakin. Wanda ake wannan aiki da shi kakin farafin ne, wato farin kakin da ake samu daga tace ɗanyen mai. Yana da wata ɗabi'a wadda duk sana'ar ta dogara a kanta: ba ya tashi daga ruwa-ruwa ya zama dutse kai tsaye. Bayan ya daskare akwai wani ɗan tsakani, digiri kaɗan ƙasa da inda yake narkewa, inda ya riga ya kama jikinsa amma yana da laushi, ki ja shi ya biyo ki, ki murɗa shi ya murɗu. Da ya ƙara hucewa sai tsarin cikinsa ya sake zama, ya yi gautsi, ki taɓa shi ya ce ƙas. Duk abin da mai sassaƙa yake yi, tun daga kunna wuta har zuwa ajiye wuƙa, ƙoƙari ne na kai kyandir ɗin cikin wannan tsakani da riƙe shi a can har a gama. Lokacin kuwa ba shi da yawa. Daga tsomawa ta ƙarshe kina da kamar minti 10 zuwa 15, gwargwadon girman kyandir ɗin da sanyin ɗakin. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, to shi ma kaki haka yake.

Ki nemi farafin da ke narkewa a wajen digiri 58 zuwa 60 na ma'aunin Salshiyos. Shi kaɗai yana iya aiki, amma yana saurin gautsi, shi ya sa ake ƙara masa wani kaki da ake kira maikurokiristalin. Shi ma daga mai yake, sai dai ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, yana da danƙo, yana sa kowane hawa ya manne da na ƙasansa, kuma yana ba yanka damar lanƙwasuwa ba tare da ya tsage ba. Ni nakan sa kamar kashi 5 cikin 100. Idan ya yi yawa wuƙa za ta riƙa jan kakin maimakon ta yanke shi, fuskar yankan ta fito da kaushi, layukan launi su dushe.

Akwai abu ɗaya da nake zargin yana cikin tukunyarki, musamman idan kyandirori kika saya kika narkar: sitiyarin. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Michel Chevreul, shi ya fitar da shi daga kitse a farkon shekarun 1820. Farafin kuwa Bajamushe Karl von Reichenbach ne ya gano shi a 1830, sannan James Young na Sikotland ya yi rajistar hanyar samar da shi da yawa a 1850. Farafin na wancan lokaci yana da laushi, kyandir ɗinsa yakan lanƙwashe idan gari ya yi zafi, sai masu sana'a suka gano cewa idan an haɗa shi da sitiyarin yana tsayawa ƙyam. Har yau kyandir na kunnawa da yawa suna ɗauke da shi saboda wannan dalili. To ki duba: an sa shi ne domin ya hana kyandir lanƙwasuwa, ke kuma lanƙwasuwar kike nema. A uwar kyandir ba laifi a sa kaɗan, yana taimakawa ta fita daga mazubi cikin sauƙi. A kakin tsomawa kuwa kada ki yarda da shi. Kakin waken soya ma ki bar shi, marmashewa yake yi a ƙarƙashin wuƙa. Kakin zuma yana lanƙwasuwa, amma yana da danƙo sosai, kuma launinsa na asali yana dagula sauran launuka.

Na ambaci uwar kyandir. Ita ce wadda ake fara zubawa a mazubi, a bar ta ta daskare sarai, sannan a riƙa tsoma ta. Siffar tauraro ake yi mata, mai tsini 5 ko 6 ko 8, wasu har 12. Ga mai koyo, 6 ya fi. Dalilin tauraron shi ne, idan wuƙa ta bi ta kan tsini, abin da ta yanko yana da kauri a tsakiya da sirantaka a gefe biyu, saboda haka kowane hawan launi yana bayyana a fuskar yankan, layi cikin layi. Ki yanki kyandir mai zagaye, ba za ki sami wannan ba sai ɗan kaɗan. Uwar a bar ta ba launi, domin ranar da aka kunna, haske ya ratsa ta ya fito ta cikin yankan. Ki tuna farafin yana tsukewa idan yana hucewa, kusan kashi ɗaya cikin goma, don haka rami zai buɗe a tsakiya kusa da lagwani. Ki huda wurin, ki cike da narkakken kaki, in ba haka ba za a bar kogo a ciki. Ki kuma bar lagwani da tsawo a sama, ki ɗaure shi zarge, domin da shi za ki riƙe ki tsoma, da shi kuma za ki rataye a ƙugiya lokacin sassaƙa.

Yanzu ga inda na fi zaton kika samu matsala. Mutane da yawa suna ɗauko uwar kyandir da sanyinta su fara tsomawa a launi. Uwa mai sanyi ɓarauniyar zafi ce. Kina ɗora mata kaki mai ɗumi, tana zuƙe ɗumin daga ciki, waje ki taɓa ki ji laushi, amma hawan da ke can ƙasa ya riga ya sandare. Kina lanƙwasa yanka, sai ya karye daga gindi, daidai wurin da ya kamata ya riƙe. Tsomawa ta farko ta ɗumama uwa ce. Ki sa ta cikin kaki marar launi ki riƙe kamar daƙiƙa 30, babba ma har minti guda, ki fitar, ki ɗan jira, ki sake. Ki lura kada ki bar ta har tsinin tauraron ya narke ya dakushe. Kaki ba ya saurin ba da zafi hanya, shi ya sa ɗumama shi yake ɗaukar lokaci, amma wannan halin ne kuma yake sa ya riƙe miki ɗumin har ki gama.

Kakin tsomawa ya kasance a wajen digiri 70 zuwa 75. Ki sayi ma'aunin zafi, domin ido ba ya gane bambancin digiri 68 da 80, amma kyandir yana ganewa. Idan kaki ya yi zafi da yawa, hawan da zai kama siriri ne, kuma yana lashe wanda kika sa a baya, ki ga launin wannan tukunya ya fara gurɓata waccan. Idan ya yi sanyi, zai kama da kauri, da gudaje da ƙananan kumfa, kuma ba zai narkar da fuskar na ƙasa ba ballantana su haɗe. To mannewar hawa da hawa daga nan take zuwa: sabon kaki yana ɗan narkar da fatar tsohon, su zama abu guda. Duk abin da ya hana wannan ɗan narkewar, shi ne yake ba ki albasar da kika ambata.

Babban mai hana ta kuwa ruwa ne. Tsakanin tsomawa da tsomawa ana nutsa kyandir a bokitin ruwa don sabon hawan ya kama, ya yi santsi. Ruwan ya zama mai ɗumin ɗaki, ba na ƙanƙara ba, kuma shiga da fita ne kawai, daƙiƙa biyu ko uku. Kowace daƙiƙa da kika ƙara a cikin ruwa, daga lokacin sassaƙarki kika cire ta. Idan kin fitar, ki shafe ɗigon ruwan da tafin hannu ko tsumma mai laushi, musamman a cikin kwarin da ke tsakanin tsini da tsini, nan yake maƙalewa. Ɗigo ɗaya da aka rufe da kaki zai zama bororo, kuma a nan hawan zai ɓare. Haka za ki yi ta yi, kaki, ruwa, shafa, kaki, ruwa, shafa, ba tsayawa, sau 25 zuwa 35. Kada ki amsa kira a tsakani, kada ki tafi neman wani abu. Duk abin da za ki buƙata ya kasance a gabanki kafin ki fara, har da tsarin launukan a rubuce a takarda inda idonki zai gani. Tsomawar kanta a yi ta da hannu guda ba tangarɗa, ƙasa a miƙe, sama a miƙe. Idan kika tsaya a rabi, zobe zai fito a jikin kyandir ɗin.

Sai batun ja da ya shiga fari. Launin kaki iri biyu ne, kuma wanda bai san bambancinsu ba zai sha wahala. Akwai rini, wanda yake narkewa cikin kaki ya zama ɗaya da shi. Yana da kyau ga kyandir na kunnawa domin ba ya toshe lagwani, amma ba ya zama wuri guda. Ko bayan kaki ya daskare yana ci gaba da tafiya a hankali daga hawa zuwa hawa, kuma rana tana kodar da shi. Abin da ya same ki ke nan. Na biyun hodar launi ce, wadda ba ta narkewa, ƙananan ƙwayoyi ne da ke yawo cikin kakin, idan ya daskare su tsaya inda suke. Da ita ake sassaƙa. Layinta yana fita tsaf, kuma yana daɗewa. Tana da sharuɗa biyu: tana kwantawa a gindin tukunya, don haka sai ana motsawa a kai a kai, kuma tana toshe lagwani, don haka ba a sa ta a uwa, a ɓawon waje kaɗai.

Farin shi ne sarkin launuka a wannan aiki, kuma da hodar taitaniyom dayoksaid ake yin sa. Tukunyar fari za ta fi kowace ƙarewa da wuri. Idan kika ɗora shuɗi kai tsaye a kan ja, ido zai ga wani duhu ne kawai a tsakaninsu. Ki raba su da fari sau biyu ko uku, sai kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Launi ɗaya kuma yana buƙatar tsomawa biyu zuwa huɗu kafin ya zama layin da za a gani. A ganina mai koyo ya tsaya a kan launi biyu da fari. Na sha ganin kyandir mai launi bakwai da bai kai kyawun mai shuɗi da fari kaɗai ba, domin yawan launi yana ɓoye siffar yankan, kuma kowace ƙarin tukunya ƙarin zafi ne da za ki yi ta gadi.

Kafin na zo kan wuƙa, dole na tsaya a kan wuta, domin wannan ba abin wasa ba ne. Kada ki taɓa ɗora tukunyar kaki kai tsaye a kan wuta. A cikin ruwa ake sa ta, babbar tukunya da ruwa, ƙananan gwangwanaye masu zurfi a ciki. Ruwa ba ya wuce digiri 100, don haka shi ne mai tsaron kakin. Kakin da aka bari a kan wuta kai tsaye yana iya haurawa wajen digiri 200, inda tururinsa yake kamawa. Idan har ya kama, kada a zuba ruwa, fantsama zai yi ya watsa wutar. A kashe murhu, a rufe da murfin ƙarfe. Ki riƙa duba ruwan babbar tukunya kada ya ƙone, kuma kada ki zubar da ragowar kaki a magudanar ruwa, zai toshe ta.

To kin gama tsomawa. Ki rataye kyandir a ƙugiya daidai ƙirjinki, inda zai juya yadda kike so. Ki kashe fanka, ki rufe taga, domin iska tana busar da fatar waje ta tsage alhali ciki na da laushi. Za ki ga kaki ya taru a ƙasa ya yi gemu. Ki yanke shi, kuma wannan yanka shi ne gwajinki. Ki dubi launukan, ki lanƙwasa shi a yatsa. Idan yana maƙale wa wuƙa, yana nutsewa ƙarƙashin yatsa, ki jira minti ɗaya. Idan ya lanƙwasu sumul ba tsaga, fara. Idan kuwa kin ga farar tsaga a bayan lanƙwasar, kin makara, ki mayar da kyandir cikin kaki marar launi ki ɗan riƙe don ya sake ɗaukar ɗumi, duk da cewa ba zai koma kamar na farko ba.

Wuƙa gajera, mai kaifi, mai ɗan ƙarfin jiki da ba ta rawa. Daga ƙasa ake farawa a hau sama, domin naɗin sama a kan na ƙasa yake kwanciya, kuma hannunki ba zai riƙa gogar abin da kika gama ba. Ki ɗora wuƙa a kan tsini, ki shiga a hankali, ki ja ƙasa kina ƙara zurfi har ki kusa taɓa uwa, ki tsaya ba tare da kin cire yankan ba. Wurin da kika tsaya shi ne gindinsa, kuma ya fi ko'ina kauri. Ja ɗaya ake yi. Idan kika yi ta gurzawa kamar mai zarto, kowace tsayawa za ta bar tabo a fuskar launi. Sannan ki kama bakin yankan ki naɗe shi ƙasa, ko ki murɗa shi sau ɗaya ki mayar sama ki manna inda ya fito. Ɗumin jikinsa ya isa ya manne shi, ki danna kawai da ɗan yatsa. Akwai kuma wani ƙarfe mai baki kamar zobe, da shi ake zaro dogon zare daga cikin kwari, a murɗa shi kamar igiya a mayar.

Ki yi yanka iri ɗaya a kan dukkan tsini shida kafin ki hau layi na gaba, kina juya kyandir. Idan kika gama gefe ɗaya daga ƙasa har sama sannan kika koma ɗaya gefen, gefen farko an yi shi da kaki mai laushi, na ƙarshe da mai tauri, ba za su yi kama ba, kuma nauyi zai karkata. Yankan da ya fi buƙatar murɗawa ki sa shi a farko, masu sauƙi a ƙarshe lokacin da kaki ya fara taurare. Kuma ki san abin da za ki yanka tun kafin ki tsoma. Ba a tunanin zane da wuƙa a hannu. Layi uku a kan tsini shida yanka 18 ne, a cikin minti 12 kuwa kowane yanka da naɗinsa daƙiƙa 40 ne kacal. Ki yi wannan lissafi ki ga dalilin da ya sa nake ce wa masu koyo su fara da gajeren kyandir mai layi biyu, su maimaita shi har hannu ya riƙa tafiya da kansa.

Da kin gama, ki nutsa shi a ruwa mai ɗan sanyi ya tsaya a yadda yake, ki rataye ya huce sosai. Gindin ki goga a kan faranti mai ɗumi har ya zauna daram. A sama kuma sai a cire ɓawon launi da ke kewaye da lagwani, a buɗe ɗan rami har farar uwa ta bayyana, tun da hodar launi ba ta ƙonewa da kyau. Wannan ya fi sauƙi a yanke shi tun kaki yana da ɗumi. Bayan nan ake tsoma shi a man sheƙi na akirilik, wanda ke ba shi ƙyalli, ya hana ƙura kamawa, ya ƙara wa naɗin ƙarfi. Kada man ya taɓa lagwani ko cikin ramin.

Lagwanin da za ki zaɓa ya zama ƙarami idan aka kwatanta da faɗin kyandir, domin so ake wuta ta ci tsakiya ta nutse, ta bar bango. Idan za a kunna, a rage lagwani zuwa kamar milimita 6, a kunna awa ɗaya ko biyu, a kashe kafin zafi ya kai ga bango, a bar kaurinsa aƙalla santimita guda. Bayan ramin ya yi zurfi, ana iya ajiye ƙaramin kyandir mai gwangwani a ciki a riƙa sauyawa, sassaƙar ta yi shekaru tana haskawa. A ajiye shi nesa da rana da duk wurin da ke ɗaukar zafi, domin siraran naɗin su ne suke fara sunkuyawa.

Kyandirori huɗun nan da suka lalace miki kada ki zubar. Ki ɓare ɓawon, uwar tana nan lafiya, za ki sake tsoma ta. Ɓawon kuma ki narkar da shi wuri guda, zai ba ki wani launi mai duhu, ruwan ƙasa ko toka, wanda ya isa ki yi gwaji da shi tare da fari. A gwaji na biyar ki bar komai yadda yake, ki sauya abu uku kawai: ki ɗumama uwa, ki riƙe kaki a digiri 72 da ma'auni a ciki, ki rage zaman ruwa zuwa daƙiƙa biyu. Ki rubuta lokacin da kika fara yanka da lokacin da kika ji kaki ya fara ƙin lanƙwasuwa. Wannan tazarar ita ce taki, ta ɗakinki da kakinki, kuma a kanta za ki auna yawan yankan da za ki tsara a na shida.